Rage Ƙiba da Matsayin Ƙwalama a Cimar Mutanen Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin mahalarta wannan taro su yi mamakin jin an kawo maganar rage ƙiba a kan mutanen karkara, alhali kuwa abin da masana suka fi rubutawa game da karkarar ƙasar Hausa shi ne ƙarancin abinci, musamman a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Wannan mamaki yana da dalili. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a shiyyar Arewa maso Yamma ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, saboda daɗewa cikin rashin abinci mai gina jiki. Amma binciken nan dai shi ne ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma suna a rame. Watau ke nan rama da ƙiba suna zaune a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, inda za a tarar da uwa mai teɓa tana fama da hawan jini, ga kuma jikanta a tsumbure.

Manufar wannan takarda ita ce duba tambaya ɗaya da masu ƙiba suke yawan yi wa ma'aikatan lafiya: shin wanda aka umarta da ya rage nauyi, dole ne ya yi sallama da alkaki da tsire da waina har abada? Amsarmu ita ce ba dole ba ne. Za mu nuna cewa abin da ke rage nauyi shi ne jimillar abin da mutum ya ci a mako, cewa haramta ƙwalama gaba ɗaya ba ya ɗorewa a wannan yanki, kuma cewa ƙwalamar da ke kawo ƙiba ita ce ta kullum wadda ba a lura da ita, fiye da ta ranar buki wadda kowa yake gani.

2.0 Yankin da Yadda Rayuwarsa ta Sauya

Yankin da muke nufi shi ne ƙasar noman da ta kewaye birnin Kano, musamman ɓangarenta na arewa, watau ƙasashen Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa da Bichi da Makoɗa da Dambatta. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka wallafa nazarinsu a kan ƙasar da ke kewaye da Kano. Sun nuna cewa yawan jama'a ya kai ga ba a barin gona ta huta. Kowace shekara ana noma ta, ana riƙe ƙarfinta da taki, jakuna suna kai itace birni suna komowa da juji. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya ake shuka su, a ƙarƙashin kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo.

Rayuwa irin wannan duk aikin ƙarfi ce. Namiji yana sharar gona da huɗa da noma da fartanya, ya tafi kasuwa a ƙasa ya komo a ƙasa. Mace tana sussuka da surfe da daka da niƙa a dutse, ta ja ruwa da guga. Cimar kuwa sananniya ce: koko ko ɗumame da safe, fura da rana, tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko ta kuɓewa da dare. Mai kaɗan ake sa wa miya, nama kuma sai ranar kasuwa ko ta salla. Ga wanda yake irin wannan aiki yana cin irin wannan abinci, kitse ba ya samun wurin zama. Masu binciken da suka shekara da shekaru suna auna manoma a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya sun ga cewa nauyin manya yakan sauka da 'yan kilo kowace damina, ya komo bayan kaka. Duk wanda ya zauna a karkarar Kano ya san wannan hawa da sauka ko ba a kawo masa sikeli ba.

A cikin shekaru hamsin da suka wuce abubuwa biyu sun sauya. Na farko, aikin ƙarfi ya ragu ga wasu rukunan jama'a. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse da wani sashe na aikin turmi, babur ya karɓi tafiyar ƙasa, maza da yawa kuma sun koma zaman rumfa a kasuwar hatsi ta Dawanau ko a kasuwannin birni, wasu suna tuƙi, wasu suna aikin ofis ko koyarwa. Na biyu, sukari da fulawa da taliya da shinkafa da lemon kwalba sun isa kowane ƙauye, har babu ƙauyen da ba a samun mai tireda da mai shayi. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A nan aikin ya sauya, amma girman malmala yana nan yadda yake, an kuma ƙara mata mai da zaƙi. Saboda haka ƙibar karkara ta fi bayyana ga mutane sanannu: matan aure masu matsakaicin shekaru a gidajen da ke da ɗan hali, 'yan kasuwa, direbobi, ma'aikata, da masu riƙe da sarauta.

3.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin mu ci gaba ya kamata mu tsayar da ma'anar kalmomi uku.

Ƙiba: A wurin Bahaushe ƙiba alama ce ta hutu da wadata. Akan ce wa wanda ya yi jiki ya murje ko ya yi kyau, amarya kuma in ba ta ciko ba bayan 'yan watanni sai a fara tambayar ko lafiya. A wurin likita kuwa ƙiba awo ne. Ana auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita, a ninka tsawon da kansa, sa'an nan a raba nauyin da abin da aka samu. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in amsar ta gaza 18.5 mutum a rame yake, in ta kai 25 nauyinsa ya wuce kima, in ta kai 30 ya shiga ƙibar da ake ɗauka cuta ce. Akwai kuma awon ƙugu, wanda ya fi sauƙi a ƙauye tun da tef ɗin tela ya isa: ƙugun da ya wuce santimita 88 ga mace, ko 102 ga namiji, yana nuna kitse ya taru a ciki, shi ne kuma kitsen da ya fi jawo ciwon sukari da hawan jini.

Kalori: Wannan shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Kalori ɗaya, irin wanda ake lissafin abinci da shi, shi ne yawan zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa lita ɗaya da digiri ɗaya. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin, watau sinadarin gina jiki da ke cikin wake da nama, shi ma 4, giram ɗaya na mai ko kitse kuwa 9. Wannan bambanci na 4 da 9 shi ne ginshiƙin yawancin abin da za mu faɗa nan gaba.

Ƙwalama: Muna nufin duk abin da ake ci don marmari ba don yunwa ba, wanda wasu suke kira maƙulashe. Ya haɗa da na soyawa kamar ƙosai da waina da fanke da funkaso da awara, da na zaƙi kamar alkaki da nakiya da dubulan da tuwon madara da kantu da alewa, da na nama kamar tsire da balangu da kilishi da dambu, da na sha kamar kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya da lemon kwalba.

4.0 Yadda Jiki Yake Tarawa da Yadda Yake Ragewa

Jikin ɗan Adam kamar rumbu yake. Abin da aka ci shi ne zubi, abin da aka ƙone wajen numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki da motsi shi ne ɗiba. In zubi ya fi ɗiba, rarar takan zama kitse. In ɗiba ya fi zubi, jiki yakan buɗe ajiyarsa ya cike giɓin, nauyi ya sauka. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700. Saboda haka wanda ya rage kalori 500 kowace rana daga abin da jikinsa yake bukata, ya rage 3,500 a mako, watau kusan rabin kilo. Sai dai wannan sauri na makonnin farko ne. Kevin Hall da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa yayin da jiki yake ƙanƙancewa bukatarsa ma tana raguwa, don haka saukar nauyin tana yin sanyi a hankali. Wajibi ne a gaya wa mai rage ƙiba wannan tun farko, don kada ya ga sikeli ya tsaya ya zaci an yi masa ƙarya.

Rumbu bai san ko hatsin da aka zuba masa na gonar gado ne ko na awo ba. Haka nan, ta fuskar nauyi kaɗai, jiki bai damu da sunan abincin da kalori ya fito daga cikinsa ba. An gwada wannan sau da dama. A 2009 Frank Sacks da abokan aikinsa a Amurka suka ba da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 811 har shekara biyu. An raba su gida huɗu, wasu aka ba su tsarin abinci mai yawan mai, wasu mai ƙarancinsa, wasu mai yawan furotin, amma duka an rage musu kalori. A ƙarshe nauyin da suka rage ya zo kusan ɗaya, kimanin kilo 4 ga waɗanda suka kai ƙarshen gwajin. Tun kafin wannan, a 2005, Michael Dansinger ya gwada shahararrun tsare-tsaren rage ƙiba guda huɗu a kan mutum 160, ya tarar cewa abin da ya bambanta wanda ya rage da wanda bai rage ba shi ne tsayawa a kan tsarin, ko wane iri ne.

Kada a fahimci wannan da cewa duk abinci ɗaya ne. Kalori 300 na wake da zogale yana cika ciki ya riƙe mutum har la'asar, ga shi da furotin da sinadaran ƙarin jini. Kalori 300 na lemon kwalba ana shanye shi a tsaye, ba a jima ba yunwa ta komo. Abin da muke cewa shi ne, in tushen abincin mutum mai kyau ne, jimillarsa kuma ta gaza bukatar jikinsa, ɗan alkakin da ya shiga cikin jimillar ba zai hana nauyi sauka ba.

5.0 Dalilin da Ya Sa Haramci Ba Ya Ɗorewa

Idan tsayawa a kan tsari shi ne sirrin, to tambayar da ta rage ita ce: wane tsari ne mutum zai iya tsayawa a kansa? A nan masana halayyar ɗan Adam suna da abin cewa.

A 1975 Peter Herman da Deborah Mack suka yi wani gwaji da ɗalibai mata a Amurka. Wasu aka fara ba su haɗin madara mai zaƙi suka sha, wasu ba a ba su ba, daga nan aka ajiye wa kowa askirim aka ce ta ɗanɗana yadda ta ga dama. Waɗanda ba su takura kansu a kan abinci ba, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, kamar yadda hankali zai ɗauka. Amma waɗanda suke cikin takura kansu, da suka sha madarar sai suka ci fiye da takwarorinsu da ba su sha ba. Bayanin da aka yi shi ne, mai tsananta wa kansa yana ganin da zarar ya karya doka sau ɗaya to ranar ta riga ta ɓaci, sai ya saki jiki ya ci har ya wuce misali. A 1999 Joachim Westenhoefer da abokansa suka duba bayanan mutum fiye da 50,000 a Jamus, suka raba kamun kai gida biyu: mai tsauri, na ko duka ko babu, da mai sassauci, wanda mai shi yakan ci abin marmari kaɗan ya rage a wani wuri. Suka tarar masu tsauri sun fi nauyi, sun kuma fi faɗawa cin wuce kima. A 2016 kuma Rita Coelho do Vale da abokan aikinta suka gwada mutane na mako biyu: wasu kalori 1,500 kullum, wasu 1,300 na kwana shida da 2,700 a rana ta bakwai. Jimillar mako ɗaya ce, watau 10,500. Nauyin da suka rage ya yi daidai, amma masu ranar sassauci sun fi nuna ƙarfin gwiwar ci gaba. Wannan gwaji ƙarami ne, na ɗan lokaci, amma ya dace da sauran.

Duk waɗannan gwaje-gwaje a Turai da Amurka aka yi su, inda mutum yakan sayi abin ƙwalamarsa ya ci shi kaɗai. A karkarar Kano hujjar ta fi ƙarfi, domin ƙwalama a nan tana ɗaure da zumunci da sana'a. Alkaki da nakiya da dubulan su ne kayan gara, ana rarraba su gida-gida don a shaida an kai 'ya ɗakinta da mutunci. Waina da funkaso su ne abincin suna da na salla. Tsire shi ne tsarabar maigida ranar kasuwa. Wanda aka kawo wa rabonsa ya mayar, ya yi laifin da ya fi na ƙiba girma a idon dangi. Bugu da ƙari, Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa ta ƙasar Katsina, daga baya kuma a Ɗorayi kusa da Kano, ta nuna tun 1969 yadda matan da ke cikin kulle suke gudanar da babban ciniki daga cikin gidajensu ta hannun yara masu talla. Emmy Simmons ma, a nazarin da ta yi a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau a 1970 zuwa 1971, ta nuna muhimmancin abincin saye irin wannan a cimar gida da kuma a samun mata. Ma'aikacin lafiyar da ya ce wa mai tuyar ƙosai kada ta ƙara kusantar abin soyawa, ya ba ta umarnin da ba za ta iya bi ba. Za ta amsa da to, ta fita, ba za ta komo awo ba.

6.0 Rabe-raben Ƙwalama

Muna ganin hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba ƙwalama gida uku bisa yawan zuwanta, a yi wa kowane gida hukuncinsa.

Kashi na farko shi ne ƙwalamar kullum, wadda ta saje da abinci har ba a kiran ta ƙwalama. Misalinta sukarin shayi da na koko da na fura, man da ake kwarara wa shinkafa da wake ko ɗanwake, da lemon kwalbar da ake sha bayan cin abinci. Bari mu lissafa. Ƙwayar sukari ɗaya kimanin giram 4 ce, watau kalori 16. Mai sa ƙwaya biyar a kofi, safe da dare, ya sha 160. Lemon kwalba mai santilita 35 yana ɗauke da sukari kimanin giram 37, watau kalori kusan 150. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Cokali biyu na ƙari, 240. Jimilla 550 a rana, 3,850 a mako. Wannan kaɗai ya kai giɓin da ake nema don rage rabin kilo, ba a taɓa tuwo ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, watau kimanin giram 50 ga mai cin kalori 2,000. Shayi biyu da lemo ɗaya da muka ambata sun kai giram 77. Zuma da mazarƙwaila ma suna cikin wannan lissafi, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukar su kamar ba sukari ba ne. Wannan kashi shi ne ya kamata a sare sosai.

Kashi na biyu shi ne ƙwalamar mako, ta ranar kasuwa ko ta Juma'a. Mutumin da ya je kasuwar Dambatta ranar Lahadi ya ci tsire tsinke biyu, ko matar da aka kawo wa kilishi tsaraba, ba su yi ɓarna ba muddin an auna. Hukuncin wannan kashi shi ne a san yawansa kafin a fara ci, a kuma rage wani abu a madadinsa a wannan rana.

Kashi na uku shi ne ƙwalamar buki: aure, suna, walimar sauka, da salla biyu. Kayan fulawa da aka soya aka sa musu sukari sukan ɗauki kalori 400 zuwa 500 a kowane giram 100, don haka suna da nauyi. Amma in mutum ya ƙara kalori 800 a ranar buki sau ɗaya a wata, bai kai abin da sukari da mai da lemo na kullum suke ƙara masa cikin kwana biyu ba. Hatsarin wannan kashi ɗaya ne: kayan gara da naman layya ba sa ƙarewa a rana ɗaya. In alkaki ya kwana goma a ɗaki ana gutsura safe da yamma, ya tashi daga kashi na uku ya koma na farko. Maganin wannan yana cikin al'adar kanta, watau a ɗauki rabo a rarraba saura.

7.0 Lissafin Mako

Bari mu ɗauki misali. A ce mace ce mai shekara 40, tsawonta mita 1.60, nauyinta kilo 80. In aka ninka 1.60 da kansa za a sami 2.56, in aka raba 80 da 2.56 za a sami 31 da ɗoriya, watau ta shiga ƙiba. Mace irin wannan mai aikin gida matsakaici tana bukatar kalori kimanin 2,200 a rana don nauyinta ya tsaya yadda yake. In ana so ta rage, sai a mayar da ita 1,700, watau 11,900 a mako. Maimakon a raba wannan daidai wa daida, sai ta ci 1,600 na kwana shida, jimilla 9,600, ranar buki ko ranar da ta zaɓa ta ci 2,300. Ta sami rarar kalori 700 ta abin marmari, lissafin mako kuma bai motsa ba.

Ba kuma sai ta koma kamar budurwa ba kafin ta amfana. A babban gwajin rigakafin ciwon sukari da aka ba da sakamakonsa a Amurka a 2002, wanda ya ƙunshi mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon, an nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a tsakaninsu. Ga matar misalinmu, kashi 7 bai kai kilo 6 ba, abin da za a iya samu cikin wata uku zuwa shida.

Matar ƙauye ba za ta riƙa auna abinci a sikeli ba, ba a kuma bukatar ta yi. Aikin ma'aikacin lafiya ne ya juya lissafin zuwa ma'aunin da ke cikin gida: malmala ɗaya maimakon biyu, mai da cokali maimakon tsiyayawa daga kwalba, sukari ƙwaya ɗaya ko biyu maimakon biyar, fura ludayi ƙidayayye ba tare da sukari ba. Gurbin da aka rage a cike shi da miya mai yawan ganye, da kwaɗon zogale ko rama ko tafasa mai ƙarancin ƙuli, da wake. Marmarin zaƙi kuma a tare shi da abin da ƙasar take bayarwa: kankana tana da kalori 30 kacal a giram 100, mangwaro kimanin 60, ga goba da gwanda da ɗinya da kanya a lokutansu. Gyaɗa abinci ne mai kyau, amma cikin tafin hannu ɗaya, giram 30, ya kai kalori 170, don haka ita ma a auna ta.

8.0 Matsalolin da Za a Fuskanta

Matsala ta farko ita ce cin abinci a kwano ɗaya. Wanda yake ci tare da mutum huɗu ba zai san abin da ya ci ba. Ware kwano kuma yana iya zama kamar ƙyama. Abin da ya fi sauƙi shi ne mai ƙiba ya yanke iyakarsa a gefen da ke gabansa tun kafin a fara, ya yawaita miya, ya ci a hankali don kada ya riga kowa tsame hannu.

Ta biyu ita ce yadda ake kallon rama. Matar da ta faɗa, akan zargi mijinta da rashin ciyarwa, ko a ce kishiya ta sa ta gaba, ko a fara raɗe-raɗin wata muguwar cuta. Har akwai masu sayen ƙwayoyin sa ƙiba, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu suna kumbura jiki su jawo hawan jini da ciwon sukari. Saboda haka bayanin rage ƙiba bai kamata ya tsaya ga mai ƙibar kaɗai ba. A kira maigida, in da hali da uwar miji, a gaya musu cewa magani ne likita ya rubuta.

Ta uku ita ce azumi. Nazarce-nazarcen da aka tattara daga ƙasashe da dama sun nuna cewa masu azumin Ramadan sukan rage kimanin kilo ɗaya ko fiye da haka kaɗan, amma yawanci yakan komo cikin 'yan makonni bayan salla. Dalilin a fili yake: ƙosai da kunu mai sukari da soye-soye da lemo sukan zama na kowane dare har kwana talatin. Ga mai son rage ƙiba, watan dama ce babba in ya buɗe baki da dabino kaɗan da ruwa, ya ci abinci sau ɗaya a natse, ya bar soye-soye sai jefi-jefi. Koyarwar addini da ta yi umarni da a bar wa ruwa da numfashi wurinsu a ciki sananniya ce ga kowa, malamai kuma za su iya taimakawa wajen tunatarwa.

9.0 Waɗanda Wannan Bayani Bai Shafa Ba

A yankin da tsumburewar yara ta yi yawa haka, wajibi ne a yi hattara kada saƙon ya faɗa inda ba a nufa ba. Rage kalori ba na mai ciki ba ne, ba na mai jego da ke shayarwa ba ne, ba na yara da 'yan mata masu tasowa ba ne, ba kuma na manomin da ke tsakiyar aikin damina ba ne. Ga yaron da ke talla, ƙosai da ƙuli-ƙuli da awara abinci ne mai gina jiki da yake bukata. Man da aka rage a kwanon uwa, a kwanon yaro ya kamata ya koma. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura kada ya rage abinci ko ya ware ranar zaƙi sai da shawarar likitansa, domin sukarin jininsa yana iya faɗuwa ko ya hau fiye da kima. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya nema ba, asibiti ya kamata ya nufa.

10.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙiba ta shigo karkarar arewacin Kano ta hanyar raguwar aikin ƙarfi da yawaitar sukari da mai, ta kuma tarar da al'adar da ke yaba ta. Mun ga cewa nauyi yana sauka ne in jimillar mako ta gaza bukatar jiki, kuma tsarin da ya bar wa mutum ɗan abin marmarinsa ya fi daɗewa a hannunsa. Bisa ga haka muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, ma'aikatan lafiya na karkara su daina ba masu ƙiba jerin abubuwan da aka haramta, su koya musu sare ƙwalamar kullum, auna ta mako, da cin rabonsu na ranar buki ba tare da jin sun yi laifi ba. Na biyu, sassan nazarin abinci na jami'o'inmu su auna kalorin alkaki da nakiya da waina da fura da sauran cimarmu bisa ma'aunin ludayi da malmala da ƙwaya, su buga shi da Hausa, a boko da ajami, yadda ungozoma da malamin asibiti za su iya amfani da shi. Na uku, masu nazarin harshe su taimaka wajen daidaita kalmomin wannan fanni, domin mai ƙibar da aka yi wa bayani da harshen da ya sani, da ma'aunin da ke cikin ɗakinsa, shi ne zai komo awo wata mai zuwa.